Notin Gindin Inji Ba Ya Karyewa Rana Ɗaya

Ƙarar ce ta fara sauyawa. Wanda ya taɓa wuni a wajen matsar rake ya san yadda injin gas yake bugawa, dum-dum-dum, har kunne ya saba ya daina ji. To ran nan da hantsi, a wata fadama can bayan garin Rogo, sai wani ƙas-ƙas ya riƙa shiga tsakanin bugun, kamar mai ƙwanƙwasa ƙyaure yana jin kunya. Ina ɗan shekara goma sha uku, aikina miƙa rake da kwashe ɓawon da aka matse ina kai wa masu wutar dahuwa. Na ji ƙarar, ban ce komai ba, don ba a tambaye ni ba. Kafin azahar injin ya yi wani tsalle a kan gungumen da yake zaune, bel ya fita ya yi bulala a iska ya tsinke igiyar rumfa, Allah ya kiyaye bai sami kowa ba. Aka kashe inji. Ga rake an sara tun asuba an jibge, ga wuta tana ci a banza, ga 'yan aiki sun yi cirko-cirko.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ne mai injin. Bai yi faɗa ba. Ya durƙusa ya lalubo wani abu cikin ƙura, ya tofa masa yawu, ya goge a gefen rigarsa, sannan ya yafito ni.

"Zo nan, ɗan nan. Me ka gani?"

"Ya karye, Kawu."

"Ai na san ya karye. Cewa na yi me ka gani."

Kan noti ne da ɗan guntun jikinsa. Da na ƙura ido inda ya rabu, sai na ga fuska biyu. Fiye da rabi sumul yake, ya yi duhu har da jan tsatsa, ga wasu layuka masu lanƙwasa kamar shatin da ruwa yake bari a bakin rafi in ya ja baya. Ɗan abin da ya rage kuwa fari ne tas, yana ƙyalli, da kaushi kamar an ɓalli curin mazarƙwaila.

"Wannan baƙin," in ji Kawu, "tun tuni ya mutu. Farin nan shi kaɗai ne yake riƙe da mu. Yau jana'iza kawai muka yi."

Daga baya na yi shekaru ina koyar da aikin ƙarfe, kuma duk notin gindin inji da aka kawo mini a karye, abin da nake fara yi ke nan: in tofa masa yawu in goge. Da wuya in rasa waɗannan fuskoki biyu.

Ƙasarmu ta Ƙaraye da Rogo yanzu a kan inji take zaune. Tun da aka gama dam ɗin Challawa a 1992 noman rani ya ƙara faɗi, duk wanda ke da ɗan fegi a bakin ruwa ya nemi injin ban ruwa. A unguwa akwai injin markaɗe, a bakin kasuwa injin niƙa, da kaka ga injin sussukar masara da na casar shinkafa suna bin gonaki, da hunturu kuma masu rake na Rogo, kamar maƙwabtansu na Maƙarfi da Ɗanja, su kunna nasu. Ga babura, ga A Daidaita Sahu, ga janareta. Kowanne a cikinsu yana da mazauni, abin da kanikawan mota suke kira injin-sit, kuma abin da ya haɗa shi da mazaunin nan bai wuce noti uku ko huɗu ba. A wajenmu duka noti ne. In ana son bambancewa sai a ce namiji, wato dogon mai kai, da mace, wadda ake murzawa a kansa.

Yawancin waɗannan injina fistin ɗaya gare su, kuma inji mai fistin ɗaya ba ya da abokin da zai tare masa girgiza. Fistin ya hau ya tsaya cak, ya sauko ya tsaya cak, kowane tsayi kuma fizga ce da ke sauka a gindin inji. A yi lissafi. Ƙaramin injin fetur irin Honda GX160 da 'yan kwaikwayonsa na Sin, wanda ake ɗora wa famfon ban ruwa da injin markaɗe, yana iya juyi 3,600 a minti ɗaya. Sau 216,000 ke nan a awa. Kafin manomi ya gama ban ruwan awa biyar an haura miliyan. Tsohon injin Kawu, irin wanda ake kira Lista, asalinsa daga garin Dursley na Ingila kafin maƙeran Rajkot a Indiya su riƙa ƙera irinsa, a hankali yake tafiya, juyi 650 a minti, amma shi ma in yana wunin awa goma, kwana uku sun ishe shi ya cika miliyan.

Kowa ya taɓa karya waya da hannu. Ba a ja, ai ba za ta tsinke ba. Lanƙwasawa ake yi a miƙe, a lanƙwasa a miƙe, har ta yi zafi ta rabu. Wannan shi ne gajiyar ƙarfe. Turawa sun gane ta ne ta hanya mai tsada: a watan Mayu na 1842 ƙarfen ƙafar jirgin ƙasa ya karye kusa da Versailles a Faransa, mutane da yawa suka ƙone. Bayan haka wani injiniyan jiragen ƙasa na Jamus, August Wöhler, ya shafe shekaru yana ɗora wa sandunan ƙarfe nauyi yana saukewa, yana ƙirga sau nawa kafin su karye. Ya gano cewa nauyin da ƙarfe zai ɗauka ya kwana da shi lafiya, rabinsa ma yana iya karya shi in ana ɗorawa ana saukewa ba iyaka. Abin da ke kashe ƙarfe shi ne tazarar da ke tsakanin ɗorawa da saukewa. Tsaga takan fara ƙarama, ido ba ya gani, a wani lungu mai kaifi. A jikin noti lungun nan sananne ne: ko dai ƙarƙashin kai, ko a haƙorin farko da ya shiga cikin macen, don shi kaɗai yana ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin uku na jan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kowane bugun fistin yana buɗe tsagar nan kaɗan, laima ta shiga ta yi tsatsa, layukan nan da na gani a hannun Kawu kuwa wuraren da ta huta ne in an kashe inji, ta ci gaba in an tayar.

Sai dai ga abin da ya fi ba ɗalibaina wuyar yarda. Notin da aka ɗaure tamau kusan ba ya jin wannan bugu. Wanda ya saki shi ne yake sha.

Noti, in aka duba, roba ce ta ƙarfe. In ka murza macen ta kama, ka ci gaba da murzawa, jan namijin kake yi yana miƙewa, shi kuma yana neman komawa yadda yake, sai ya matse ƙafar inji da mazauni su zama kamar abu ɗaya. Matsin nan ba na wasa ba ne. Noti mai kaurin milimita 12, wanda sufana mai lamba 19 take kamawa, in na kirki ne kuma an ɗaure shi yadda ya kamata, yana matsewa da nauyin da ya haura tan uku. Fizgar fistin ba ta kai nan ba, saboda haka in ta zo sai dai ta ɗan rage matsin da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe, ta wuce, noti na nan yadda yake. Amma da zarar matsin ya tafi, ƙafar inji ta sami damar ɗagawa ko da kaurin gashi ne, duk bugun a wuyan noti zai riƙa sauka, ga ja ga lanƙwasa. Ƙas-ƙas ɗin da na ji da hantsi ke nan.

To nawa ne miƙewar da ta riƙe wannan tan uku? A noti mai tsawon santimita 10, kimanin kashi ɗaya cikin biyar na milimita ne. Kaurin fallen takarda biyu. Duk abin da zai sa abin da aka matse ya rage kauri da fallen takarda biyu, ya kwance notin ko da macen ba ta juya ba ko kaɗan. Fenti mai kauri a ƙafar sabon inji zai murƙushe. Tsatsa za ta zube. Yashi da ya shiga tsakani zai niƙe. Shi ya sa sabon inji, ko wanda aka sauke aka mayar, yake buƙatar a sake bin notinsa bayan wunin farko, a kuma sake bayan mako.

Babban mai laifi a ƙasarmu kuwa katako ne. Muna son ɗora inji a kan gungume ko katako mai kauri, kuma da dalili, don yana shanye girgiza, ga sauƙin hudawa. Amma itace yana shan ruwa yana kumbura, yana bushewa yana motsewa. Kawu ya saro gungumensa da damina, ya kafa inji da kaka ya ɗaure tam. Da iskar hunturu ta kaɗa, wadda take fasa leɓe ta fasa dunduniya, ta tsotse itacen. Ɗanyen katako mai kaurin inci uku yana iya rage milimita biyu ko uku kafin ya gama bushewa, mu kuwa fallen takarda biyu muke magana. Don haka ba na mamaki in na ga notin injin rake da na ban ruwa sun fi karyewa daga Disamba zuwa Fabrairu. Mutane sukan ce aiki ne ya yi yawa a lokacin. Da gaskiyarsu, amma aikin ya tarar da noti a sake ne. Maganin ba shi da tsada: busasshen katako, sannan a sa faffaɗan ƙarfe mai kauri a ƙarƙashi maimakon 'yar washa da za ta nutse cikin itace. Wanda ya fi wannan shi ne a yanko guntun bututun ƙarfe daidai kaurin katakon a zura cikin hujin, noti ya bi ta ciki, yadda in an ɗaure ƙarfe ne zai matse ƙarfe. Haka nan in za a sa guntun taya a ƙarƙashi don rage girgiza. Roba ba ta riƙe matsi, kullum cikin lotsewa take. In ka lura da mazaunin injin A Daidaita Sahu ko na janareta, za ka ga robar a manne take tsakanin ƙarfe biyu, kowane noti ƙarfe yake kamawa, ba ya matse robar kai tsaye.

Akwai kuma kwancewa ta juyi. Wani injiniya Bajamushe, Gerhard Junker, ya nuna a 1969 cewa girgizar da ta fi saurin kwance noti ita ce mai tura abu gefe da gefe, ba mai ja sama da ƙasa ba. In ƙafar inji ta ɗan zame a kan mazauni, haƙoran noti sukan saki riƙo na ƙiftawar ido, macen ta koma baya kaɗan, haka haka har ta faɗi. Wa ke jan inji gefe a wajenmu? Bel. Mai injin niƙa ya ga bel yana santsi, maimakon ya sayi sabo sai ya sa ƙarfe ya banƙare inji baya har bel ya yi kamar tsirkiya. Ko kuma fuli biyun da bel yake kewayawa ba su kalli juna daidai ba. Zare ɗaya ya isa gwada wannan: a miƙa shi a gefen fuli biyun, ya taɓa bakin kowanne a wuri biyu. In bai taɓa ba, bel zai riƙa cin gefe, yana zafi, yana karkatar da inji, notin da ke kusurwar nesa kuma shi zai fara tafiya.

Wannan ciwo bai san ƙasa ba. A Kanada da arewacin Amurka akwai wani abin hawa da ake tuƙawa a kan dusar ƙanƙara, gabansa takalman sulu biyu, bayansa faffaɗan bel kamar na tankar yaƙi. Joseph-Armand Bombardier na lardin Kebek ne ya fito da Ski-Doo kasuwa a 1959. Injin abin yana zaune a kan robobi da noti, yana tura ƙarfinsa ta bel tsakanin fuli biyu. In notin mazauni ya karye, inji ya karkace, bel ya fara ƙonewa, mai shi ya yi ta sauya bel bai san ciwon a gindi yake ba. Da za a kawo shi Rogo a nuna masa injin markaɗe, da ya gane ɗan'uwansa.

Yanzu ga maganar saye. Duba kan noti. Na kirki yana da lamba: 4.6, 8.8, 10.9, wani lokaci 12.9. Lambar farko ƙarfin tsinkewa take nunawa, don haka mai 8.8 ya ninka mai 4.6. Mai kaurin milimita 10 in 8.8 ne sai an rataya masa sama da tan huɗu da rabi kafin ya tsinke, in 4.6 ne rabin haka. Wanda kansa ba komai, ɗauke shi a matsayin na ɗaure ƙyaure. Amfanin mai ƙarfi shi ne yana yarda a ja shi sosai ba tare da ya miƙe ya ƙi komawa ba, wato yana ba da matsi mai yawa. In ka sayi 10.9 ka bar shi a sake, zai karye kamar kowa. Ni 8.8 nake ba da shawara ga gindin inji, 10.9 in kamfanin da ya ƙera da shi ya zo. Kuma lamba a kai ba rantsuwa ba ce, akwai na jabu. Goga magagari a gefen kan: in ya ci shi kamar sabulu, mayar wa mai shi. Sau da yawa na fi amincewa da notin da aka kwanto daga tsohuwar mota a kasuwar Ƙofar Ruwa a kan sabo mai ƙyalli da ba a san asalinsa ba, muddin haƙoransa lafiya, bai lanƙwashe ba, kuma bai rame a tsakiya ba. Araha dai ba ta ado. Abin da ban yarda da shi ba sam shi ne rodin gini da aka yanka wa haƙora.

Ɗaurin kansa fa? Masu sufana mai awo kaɗan ne a ƙauye, amma ana iya kwatance. Noti 8.8 mai kaurin milimita 8 yana son kamar nauyin kilo 12 a ƙarshen sufana mai tsawon santimita 20. Mai milimita 10, kilo 20 a santimita 25. Mai milimita 12, wajen kilo 28 a santimita 30, wato ɗan abin da ya ɗara jarkar ruwa mai lita 25 a cike. Hannu ɗaya mai ƙarfi ya isa. Ba a zura bututu a sufana a hau da ƙafa. In kana ɗaurewa ka ji ya yi tauri sannan ya dawo da laushi, ka wuce gona da iri, notin ya miƙe, cire shi ka yar. A kuma sani kusan kashi tara cikin goma na ƙarfin hannunka gogayya ce take cinyewa, ɗaya ne kawai ke jan noti. Don haka in ka shafa baƙin mai a haƙora, ƙarfin da ka saba sawa zai ja shi fiye da kima, in kuma tsatsa ce a jiki, za ka ji ya kama alhali bai matse komai ba. A wanke haƙora da kananzir da buroshin waya, a ɗaure bi da bi a gicciye, kaɗan-kaɗan. In ƙafa ɗaya ba ta taɓa mazauni ba, a cusa mata fallen ƙarfe. Kada a jawo ta ƙasa da ƙarfin noti, don ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi, a tashi daga asarar noti a koma asarar ƙafar inji.

Zan ɓata wa wasu rai game da washar nan mai tsaga da kowa ya yarda da ita. Littafin da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta fitar a 1990 kan noti ya bayyana cewa da zarar an matse ta ta kwanta, ba ta da bambanci da washa lami wajen hana kwancewa. Ni ma abin da idona ya gani ke nan, sau da yawa ma a karye nake tarar da ita. Mace biyu da aka ɗaure suna tokare juna sun fi ta. Mace mai zoben roba a baki ita ma tana yi, amma ba kusa da salansa ba, don zafi yana narkar da robar, kuma ba a maimaita ta sau da yawa. Akwai ruwan gam na haƙoran noti irin Loctite, wanda wani malamin kimiyya a Amurka, Vernon Krieble, ya haɗa a 1953: shuɗi yana kwancewa da sufana, ja sai an gasa da wuta, don haka shuɗin ne namu. Mafi muni shi ne abin da aka fi yi, a kira mai walda ya ɗiga wuta ya haɗe mace da namiji. Zafin yana kashe ƙarfin noti a daidai inda ake buƙatarsa, sannan ranar da katako ya motse babu halin ƙara ɗauri. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

In kuwa aikin gama ya gama, noti ya karye, sai a duba inda ya karye. Wanda ya ratsa ya fita ta ƙasa ba shi da wuya, a buge shi ya fita. Abin da nake roƙo kawai a sauya duka, don 'yan'uwansa sun sha irin dukan da ya sha, har da ƙari tun ranar da ya saki. A kuma duba hujin, in ya zama kamar ƙwai a cike shi da walda a sake hudawa. Mai wuyar shi ne wanda ya karye a cikin jikin inji ya bar guntu.

A nan na taɓa jin kunya. Wani maƙwabcina a Ƙaraye yana dakon rake da babur ƙirar Boxer, ya kawo mini shi, noti ya karye a cikin gidan inji na alminiyam. Ina ji da kaina, malamin makaranta, ga ni da ɗan ƙarfen nan mai murɗin hagu da ake hudawa a zura don zaro guntu. Na huda a karkace don ban tsaya na buga alama a tsakiya ba, na zura, na murɗa, ya ƙi, na ƙara ƙarfi. Ƙas! Ya karye a ciki. Shi kuwa ƙarfen nan ya fi bakin mahuji tauri, babu abin da zai huda shi. Garin neman gira na rasa ido. Muka tura babur zuwa wajen wani dattijo mai walda a bakin tasha. Ya leƙa, ya dube ni, ya ce, "Malam, kai ka yi wannan aikin?" Na ce ni ne. Ya ce, "Allah ya ƙara ilimi."

Ya sa yaronsa ya cire tankin mai ya kai nesa, ya cire kan batir, ya maƙala wayar ƙasa a kusa da wurin don kada wuta ta bi ta cikin inji. Ya ɗora washa a kan guntun, ya ɗiga walda ta tsakiyarta, ɗigo ɗaya ya tsaya, ɗigo ɗaya ya tsaya, har ta kama guntun. Walda ba ta kama alminiyam, don haka gidan inji bai ji komai ba. A kan washar ya ɗora mace mai faɗi ya cika cikinta da wuta har ta yi ja. Sannan ya ajiye kayan aiki ya ɗauko goro. Na ce, "Baba, ba za a murɗa ba?" Ya ce, "In ka murɗa yanzu tuwo za ka murɗa." Da ta huce har ana iya taɓawa, ya ɗiga man birki, ya sa sufana, ya tura gaba kaɗan kamar mai ɗaurewa, ya dawo baya kaɗan, gaba, baya, kowane zuwa yana ƙara tazara. Guntun ya fito da karyayyen ƙarfena a cikinsa. Zafin walda ya kumbura guntun, da ya huce ya motse ya rabu da tsatsar da ta riƙe shi. Alminiyam kuma ya kusa ninka ƙarfe wajen buɗewa da zafi, shi ya sa ko gasa gidan inji kaɗan yana taimakawa.

Tun daga ranar nakan fara da mafi sauƙi. In guntu ya leƙo waje, a jiƙa shi da man birki ko kananzir ya kwana, a kama da filaya mai kulle. In daidai yake da fuska, a sa kurfi mai tsini a gefensa a riƙa bugawa a hankali ta hagu, don notin da gajiya ta karya sau da yawa a sake yake, ba abin da ya riƙe shi. In ya ƙi, walda. Huda ita ce ta ƙarshe, kuma sai an buga alama a tsakiya, a fara da siririn baki. In haƙoran cikin gida sun cinye, masu injin feƙe ƙarfe a birni suna yanka sababbi mafi faɗi ko su sa zoben waya mai haƙora, a koma kaurin asali. Kada a tura notin da haƙoransa ba irin na gidan ba a ce zai yi wa kansa hanya. A alminiyam hanyar da zai yi ita ce ta kasuwa.

Masu babur suna da alamunsu. In matakin ƙafa ya fara sa tafin ƙafa ƙaiƙayi, in cen ya riƙa yin sako-sako yau a ɗaure gobe ya saki, in ka ga jan gari kamar barkono a kewayen noti, ƙarfe ne yake goga ƙarfe. Jan garin nan shi ne shaidar da ta fi kowace, a babur ne ko a injin niƙa. Hanyar gona da damina, da lodin rake da ya fi ƙarfin babur, su ne ke gaggauta abin. Tun da fetur ya yi tsada bayan cire tallafi a 2023 wasu manoman rani sun koma famfo mai hasken rana, wanda ba shi da fistin balle girgiza, kanikawa har suna tsokanar juna cewa rana za ta raba su da abinci. Ban ga alama ba tukuna.

Da hunturun bara na koma fadamar nan. Kawu ya tsufa, ba ya sauka gona, jikansa ne yake riƙe da matsar, injin kuma ɗan Sin ne yanzu, a kan ƙarfe da kankare. A jikin ginshiƙin rumfa na ga sufana mai lamba 19 an ɗaure ta da igiya don kada wani ya ara. A kan kowane noti akwai layin farin fenti da ya tashi daga macen ya sauka kan ƙafar inji, yadda in ta juya layin zai rabu. Na ce wa yaron, "Wa ya koya maka wannan?" Ya ce, "Kaka ne. Ya ce kowace Juma'a kafin a tayar, inji na sanyi." Ranar Laraba ce, amma na ce ya gwada in gani. Ya kwanto sufana ya durƙusa. Na farko bai motsa ba, na biyu haka, na uku haka. Na huɗu, na kusurwar da ke nesa da bel, layinsa na nan bai rabu ba, amma da yaron ya ja sai ya tafi kusan rubu'in zagaye.